Turakun da Suka Yi Ganye a Bayan Agege

Komaye sittin da huɗu ne, na latas da lawashi da alayyahu da kokwamba, a wani fili da ke gangarowa daga titi zuwa rafi a bayan Agege. Mutum biyar ke aikinsu, kowanne da iyali a Arewa, ni ne na shida, don duk abin da aka cire ta hannuna yake bi ya shiga kasuwa. Ni nake kawo iri, ni nake ɗauko taki daga kwatar mahauta, ni na yi maganar filin tun farko. Ƙasar ce kawai ba tawa ba. Ta wani gidan Yarbawa ce, kuma tsohon da ke shugabantar gidan ya ba ni aronta da sharaɗi guda: in shuka duk abin da ake cirewa a cikin shekara, amma kada in dasa itace. Ba mangwaro, ba ayaba, ko gwanda ba a yarda ba.

Wanda bai zauna Kudu ba zai ga abin kamar rowa. Ba rowa ba ce. A can itace shaida ne. Ɗan aro ya dasa, itacen ya girma, tsofaffin da suka san maganar su mutu, sai wata rana jikansa ya tsaya gaban alƙali ya nuna kututture ya ce kakansa ne ya dasa. Tsohon ya yi cinikin goro da Hausawa tun yana saurayi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge in ka cire karin harshe. Ranar da muka yi magana ya ce da ni, "Ɗana, ka ci ganye iyakar cinka. Ranar da na ga wani abu ya fi ni tsayi a filin nan, mun rabu." Tsoho ne gajere. Shekara tara ina kai masa kwandon kayan lambu da cinyar rago duk Sallah, ba mu taɓa samun saɓani ba.

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba a lokacin da nake ba da labari. Ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, kowace da allonta da shugabanta. Fili ya soma tsada, 'yan siyasa sun cika gari, an kuma yi tashin hankali a wasu unguwanni, har mu baƙi muka koyi cewa tara jama'a a wurin da ba naka ba neman magana ne.

Ana cikin haka wata mata ta soma zuwa rumfata sayen latas. Tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar Abekuta, Mama nake ce mata. Wata rana ta tambaye ni maganin da muke fesawa, don ta lura latas ɗina ba ya saurin ruɓewa. Na ce ba ma feshi. Ban ɓoye mata dalili ba: takin zamani tsada, kashin shanu a kwata kuwa roƙonka ake ka kwashe, ƙwari kuma toka muke barbaɗa musu. Sai matar nan ta hau murna kamar na yi mata albishir da jika. Ta yaba kaya, ta biya yadda na faɗa, ba ta nemi ragi ba. Nan na soma zarginta. A kasuwa mai saye ba ya yabon kaya a gaban mai kaya sai in akwai abin da yake nema a baya.

Abin da take nema shi ne in zo taronsu. Ta ce akwai mutane daga Badun da Abekuta da Ikorodu har da Kwatano da ke noma ba takin zamani ba feshi, suna haɗa itatuwa da ganye da kaji da kifi a wuri guda, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Suna da wani dogon suna na Turanci da suke kiran abin, da na nemi ta fassara sai ta ce noman dindindin. Bayan 'yan watanni sukan haɗu a gonar ɗayansu, a ga aikin juna, a yi musayar iri.

Na je na Abekuta don in ga inda tarkon yake. Tun a ƙofa nake neman mai karɓar kuɗi, ban gan shi ba. Na nemi mai sayar da wani magani ko inji, babu. Aka ciyar da mu kyauta. Akwai wani fasto mai tafkin tarwaɗa, da wata mata daga Kwatano mai kiwon zomaye, da wasu matasa 'yan jami'a masu rubuta duk abin da aka faɗa. Da aka zo musayar iri, kowa ya baje nasa a tsumma. Aka miƙo mini irin wani latas da aka ce yana jure damina. Na juya baya na ciji ƙwaya ɗaya, don a garinmu na san mutumin da ke soya iri kafin ya ba maƙwabci. Ɗanye ne.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a rai: wani dogo daga Badun, tsohon malamin gona, da takalmin roba har gwiwa. Sauran suna tambayar yadda nake rufe taki ya huce, shi kuwa wa ke saye yake tambaya, kwando nawa ke fita, da wace mota. Na ce masa kasuwa ke saye, Allah ke fitarwa. Ya yi dariya ya ce Hausawa akwai riƙe baki.

Da za a tashi sai na ga abin da ya sa na gyara tsayuwa. Kowane baƙo ya fito da ɗan itace a leda, aka zagaya gonar mai masauki ana haƙa rami ana dasawa ana tafi. Mama ta ce al'adarsu ce, ba a watsewa sai an bar wa mai gida itatuwa.

Da na so, da daga nan na yanke hulɗa. Amma a cikin watan Mama ta haɗa ni da masu sayen kayan miya na otal biyu a Ikeja, masu neman ganyen da ba a yi wa feshi ba, ba sa ja-in-ja a kan farashi. Irin cinikin da dillali ke shekara goma yana nema ke nan. Bayan sun soma karɓa sai ta ce saura ni, wanda ya ci a gidan mutane shi ma sai an ci a nasa.

Na ce, "Mama, sharaɗina uku. Ba hoto, ba allo, ba itace."

"Hoto da allo na ji. Itace me ya yi maka?"

"Filin aro ne."

"To ai mai filin zai gode mana. Wa zai ƙi gwanda kyauta?"

"Mama, ke 'yar ƙasar nan ce. Kin fi ni sanin wanda zai ƙi."

Ta yi dariya ta ce wannan tunanin mutanen da ne, amma ta yarda. Ita lambunta a bayan gidan marigayi mijinta yake, ba ta taɓa kai wa kowa cinyar rago don ta yi shuka ba.

Na ɗauki goro na je na gaya wa tsoho zan yi baƙi. Ya ce, "Gwamnati ce?" Na ce a'a, manoma ne masu boko. Ya ce, "Manomi mai boko. To in sun tafi ka ƙirga komayenka." Babban ɗansa na zaune a gefe yana saurare. Shi a lokacin kujerar kansila yake hari, kullum gidan cike da samari masu jiran a ba su na mota. Ranar taron kawai ya tambaya.

Shugaban masu aikin lambun wani dattijo ne Bazazzagi, Sarkin Lambu muke ce masa. Tsakanina da shi akwai wasan Kanawa da Zazzagawa, ba ya kirana da komai sai Bakano. Da na gaya masa ya ce, "Bakano zai ciyar da mutum talatin kyauta? Lallai akwai abin da ka hango." Na ce na hango, shi ya sa nake son ya buɗe ido. Kada a nuna wa kowa hanyar kwata, kada a faɗi sunan otal, kada kowa ya haƙa rami.

Suka zo da rani, a motocin danfo biyu. Tun kafin su gama sauka na hango ledoji a ƙarƙashin kujeru. Mutanen Kwatano ba a gaya musu ba, ko an gaya musu sun ɗauka kunya ce irin ta mai gida. Matar nan mai zomaye ta rungumo gwanda biyu tana cewa kado ne, kado ne, wato kyauta. Na tare ƙofar mota na ce na gode, na karɓa, amma a nan za su zauna. Ta dubi Mama, Mama ta dubi sama. Na jawo benci na zauna a jikin motocin kamar mai gadi, ina kallon baƙina daga nesa suna zagaya komaye, suna damƙar ƙasa suna shinshinawa.

Ana raba dafa-duka sai ga babban ɗan tsohon nan da abokansa biyu. Ya ce, "Malam, ashe biki kake ba gayyata." Na ba su wuri, na sa aka zubo musu. Yana ci yana tambaya: Turawa ne ke ba su kuɗi? Nawa aka ba ni? Me ya sa suke auna ƙasa da ido? Na ga in na bar shi ya shiga cikinsu zai ji abin da zai juya, sai na zauna da shi ina ba shi amsa har ya gaji ya tafi. Tsakanin gadin ledoji da gadin ɗan tsoho, ban taka bakin rafi ba sai da motoci suka tashi. Itatuwa suka koma yadda suka zo. Na ce a raina na tsallake.

Da yamma na gangara ƙasa. Rafin nan kowace damina yakan ɗan ci gaɓa, ya tafi da gefen komayen ƙarshe. Sai na tarar an jera turaku a bakin gaɓar, tsayin ƙirjina, an saƙa ciyawa a tsakaninsu, an danne da ƙasa. Aiki mai kyau. Layin ya bi rafi, ya karya kwana, ya hau ta gefen da awakin unguwa ke shigo mana, har kusa da titi.

Na ce, "Sarkin Lambu, wannan fa?"

"Dogon nan na Badun ne. A saman mota ya ɗauro su kamar itacen girki. Ya ce gaɓarmu ba za ta kai baɗi ba. Da suka yi saura ya ce a bi da su ta wajen awaki."

"Na ce kada a haƙa rami."

"Ba a haƙa ba, da dutse ya buga su. Bakano, sanda ce. Ko ita ma sai an kai wa tsoho goro?"

Na zare ɗaya na duba. Ba saiwa, ba ganye, an fiƙe gindin kamar turken akuya. Na san zogale, na san dashi, na san ceɗiya, duk itacen da ake kafa reshensa ya kama a wajenmu na san ɓawonsa. Wannan ba ya cikinsu. Rana kuma a lokacin tana dukan gaske. Na mayar da shi raminsa na ce kafin wata guda sun bushe.

Na tafi Arewa sayen albasa, na haɗa da Babbar Sallah a gida, na ɗan daɗe. Kafin in dawo ruwa ya sauka a Legas. Daga kan titi, tun ban sauka daga okada ba, na hango wani koren layi da ban bari ba. Turakun nan kaf sun yi ganye. Kowanne ya fitar da rassa sama, sun wuce kaina, balle kan tsoho. Ga su a jere, tazara ɗaya, sun zagaye gefe biyu na filin kamar an ja da igiya.

Sarkin Lambu ya taro ni, fuskarsa rabi murna rabi tsoro. Ya ce ruwan farko da ya zo, ba don turakun ba da komaye huɗu sun tafi teku. Ya ce ya ga suna tsiro, ya yi niyyar cirewa, sai ya ga gaɓa ta tsaya, awaki sun daina shigowa, ya ce bari ya jira ni. Ban yi masa faɗa ba. Mutum ne da ya shekara tara yana kallon ruwa na cin aikinsa. Na ce a ɗauko adduna. Kafin a ɗauko, aike ya zo daga gidan tsoho.

Na tarar da falon cike, 'yan'uwa maza da mata, wasu ban taɓa ganinsu ba. Ɗan ne ya yi magana, da Yarabanci, a hankali yadda zan ji. Ya ce itacen nan kowane yaro a ƙasarsu ya san shi, da shi ake shinge, da shi ake raba gona da gona. Ya ce Malam ya tara mutane daga garuruwa, har da na wata ƙasa, an ci an sha a gaban shaidu, an kafa iyaka. Ya ce shi da idonsa ya ga masu rubutu.

Na ce ban dasa ba, ban sa a dasa ba, itatuwan da aka kawo ma a mota na tsare su, shi kansa shaida ne don a kusa da su ya ci shinkafa. Wasu suka yi dariya. Na ce a ba ni zuwa la'asar, ba za a ga ko ɗaya a tsaye ba.

Tsoho ya juyo wajena. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi, don ni. Ya ce mahaifinsa ya taɓa ba wani aron gona a wajen layin dogo, mutumin ya sa goro, yau jikokinsa ne ke karɓar haya a wurin. Ya ce, "Ɗana, na san ba ka yi da nufi ba. Amma gidan nan ba ni kaɗai ba ne. Shekara tara suna ce mini a sayar, ina ce musu Bahaushe ganye kawai yake ci, ba ya kafa komai. Yau me zan ce musu?"

A nan na gane an gama maganar tun kafin in iso. Ɗan ya daɗe yana neman dalili, siyasa na cin kuɗi, kuma masu buga bulo sun daɗe suna zagaya gefen titin. Ban roƙi duka ba, don na san ba zan samu ba. Na roƙi gangaren da ruwa ke kwanciya, inda ba mai iya gini. Tsoho ya dubi ɗansa, ɗan ya ɗaga kafaɗa. Aka bar mini komaye ashirin na bakin rafi, shekara-shekara, da sharaɗin a tumɓuke turakun duka. Na ce ko na gaɓa a bari, a riƙa sare kansu. Aka ce duka. Muka tumɓuke su a ranar, sun yi saiwa har sai da muka sa diga. Kafin damina ta fita rafi ya cinye komaye huɗun da suka tare.

Taro na gaba a Ikorodu aka yi, na je takanas don dogon Badun. Na ja shi gefe, bayan kejin kaji, na gaya masa abin da turakunsa suka jawo. Ya riƙe kai. Ya ce wallahi gaɓa kawai ya gani.

Na ce, "Oga, kai Bayarabe ne, malamin gona kuma. Ba ka san abin da itacen nan yake nufi a ƙasarku ba?"

"Na sani. Amma ni a gonar ubana nake kafa shi, ban taɓa noma a filin aro ba. Ban kawo a raina ba."

"Mama ba ta gaya muku ban da itace ba?"

"Ta ce kada a kawo na dasawa. Ni gyaran gaɓa na zo yi maka."

Na fi shekara ashirin ina karanta fuskar mutane a kan ciniki, na san mai ƙarya tun kafin ya gama sallama. Wannan na dube shi na kasa. Idonsa har ya kawo ruwa. Sai da muka juyo za mu koma cikin mutane ya dafa kafaɗata ya ce, in ba zan ji haushi ba, yana da latas a Badun fiye da abin da yake iya sayarwa, ya kuma ji ina da otal biyu a Ikeja da yanzu ba zan iya cika musu kwando ba. Ban taɓa gaya masa otal ne ba, ban taɓa gaya masa biyu ne ba. Mai yiwuwa Mama ce ta faɗa, ita ba ta iya riƙe magana. Mai yiwuwa kuma tun ranar da ya ɗaura turaku a saman danfo ya san inda zai sauke su.

Na kwana biyu ina juya abin. Otal ba ruwansu da labarin fili, in ka gaza sau biyu sun nemi wani, kuma wanin da za su samu shi ne dai dogon. Gara kayansa su bi ta hannuna da su bi ta bayana. Na aika masa ya turo.

Ga yadda lissafin ya tsaya. A komaye sittin da huɗu, sha shida suka rage. A mutum biyar, biyu suka koma gida, ɗaya ya kama dako a kasuwa, saura Sarkin Lambu da ƙaninsa. Inda lawashi yake, injin bulo ne ke ƙara tun safe. Ɗan tsoho bai ci kansilan ba. A ɗaya hannun, otal biyu sun zauna a hannuna, har na uku ya biyo baya. Irin latas ɗin Abekuta ya jure damina kamar yadda aka faɗa. Na samu mai turo mini kaya daga Badun wanda bai taɓa saɓa rana ba, bai taɓa cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ba, ko da yake duk kwandon da ya turo sai na zazzage shi har ƙasa kafin in ɗora a mota. Ta wajen aljihu ban faɗi ba, na ma ɗan ɗaga. Ta wajen ƙasa da mutane na yi asarar kashi uku cikin huɗu, kuma a cikin mu shida ni kaɗai ne cinikin ya yi wa daɗi.